Tambaya da Amsa: Sabuwar Kwamfuta, Ina Lissafina Ya Shiga?

Tambaya: Malam, ni ce ma'ajiyar adashen matan layinmu a Tudun Wada. Shekara shida ina rubuta zubi da kwasa a Money Manager Ex. Na sayi sabuwar kwamfuta, ɗana ya sa mini manhajar, ina buɗewa na ga wayam. Ko barci ban yi ba, kuɗin mutane ne.

Amsa: Hajiya, kwantar da hankalinki, in sha Allahu babu abin da ya ɓata. Abin da ɗanki ya sa miki kanta ce babu kaya, kayan suna tsohon shago. Duk abin da kika rubuta a shekara shidan nan yana cikin fayil guda a tsohuwar kwamfutar, sunansa ya ƙare da .mmb. Windows kan ɓoye wannan wutsiyar suna, don haka a buɗe File Explorer, a shiga View, a kunna File name extensions, sannan a rubuta *.mmb a gurbin bincike. In sun fito da yawa, a ɗauki wanda ranarsa ta dace da ranar da kika yi shigarwa ta ƙarshe.

Kafin a kwafa, buɗe manhajar a tsohuwar, ki ɗauki biro ki rubuta ragowar kuɗin kowane asusu da zubin ƙarshe da kika shigar. Sai ki rufe manhajar gaba ɗaya, domin fayil da aka kwafa yana buɗe yakan zo da nakasa. A danna Copy a zuba shi a filash, kada a danna Cut. A sabuwar, a sauke shi cikin Documents tukuna sannan a buɗe ta File, Open Database. Kada a yi aiki da shi yana kan filash. Ki gwada da takardarki. In ko sisi bai yi daidai ba, tsohon kwafi aka ɗauko. Hotunan rasit da kika liƙa wa shigarwa suna wata folda dabam, ita ma a taho da ita. Masu wasu manhajojin, hanyar ɗaya ce, wutsiyar sunan ce ta bambanta: Quicken .QDF, QuickBooks .QBW, GnuCash .gnucash, Microsoft Money .mny.

Tambaya: Ina da shagon kayan masarufi a Sabon Gari, QuickBooks nake amfani da ita. Na sayi filash mai 128GB da araha a hannun wani mai baro, na zuba finafinai da hotunan biki, na ɗora fayil ɗin shago a kai. Sunansa na nan, amma sabuwar kwamfuta ta ƙi buɗe shi. Tsohuwar tana gida. Manhajar ce ta lalace?

Amsa: Alhaji, manhaja lafiyarta lau, filash ɗinka ne na jabu. Ka gode Allah da tsohuwar ba ta bar hannunka ba.

Bari in tsaya a nan, domin wannan abu ya ishi mutane. Mutum zai ƙirga dubban ɗaruruwa ya sayi kwamfuta bai ce uffan ba, sai an zo kan abin da zai ɗauki littafin bashin shagonsa na shekaru sannan ya fara neman na banza. Kowa ya san abin da ake sayar da 32GB na ƙwarai a shagunan PZ nan Zariya. To wanda ya miƙo maka 128GB ƙasa da wannan kuɗin, a gidan wa ya samo? Araha ba ta ado, kuma a nan ba ado kaɗai take hanawa ba.

Ga yadda ake haɗa ha'incin. A cikin kowane filash akwai ɗan ƙaramin cif da ke gaya wa kwamfuta girman ma'ajiyar. Sai a ɗauki mai 8GB a sauya wa cif ɗin bayani ya riƙa cewa 128GB ne. Kwamfuta ba ta musu, abin da aka gaya mata take nunawa. Muddin ba ka cika 8GB ɗin gaskiya ba, komai zai tafi daidai, shi ya sa gwajin waƙa biyu a gaban mai sayarwa ba ya kama ɓarawo. Da ka wuce iyakar, abin da ka zuba ko dai ya bi iska ko ya hau kan na farko ya murƙushe shi. Jerin sunaye kuwa yana nan ras, har da girman fayil. Finafinanka sun cinye wurin gaskiya, fayil ɗin shago ya faɗa rami. Kuma fim in ya ɗan lalace tsalle kawai zai yi ya wuce. Fayil ɗin lissafi in ya rasa gutsure ɗaya yakan ƙi buɗuwa ɗungurungum.

Sunan da ke jikin roba ba shaida ba ne. SanDisk da Kingston su aka fi kwaikwaya, har da kwalinsu. Shaida ɗaya ce: manhajar H2testw, kyauta ce. A sa filash babu komai a ciki, ta cika shi da bayanai ta karanto su. Takan ɗauki sa'o'i, a bar ta ta gama. In ta nuna kuskure, a mayar wa mai shi, wanda shi ne dalilin saye a shago mai rasit da za ka samu gobe, ba a tire ko baro a Kwangila ba. Kuma me za ka yi da 128GB? Fayil ɗin ƙaramin shago da wuya ya kai 1GB. Sayi 16GB ko 32GB na gaske, ka keɓe shi don lissafi kaɗai. Kada ya je shagon buga takardu, can ake kwaso bairos ɗin da ke ɓoye fayiloli ya bar maka gumaka marasa amfani. Kada a fizge shi sai an danna Eject.

Yanzu koma tsohuwar. Danna F2 a cikin QuickBooks ka rubuta lambar lasisi da ta samfur. Shiga File, Back Up Company, Create Local Backup, ka zaɓi cikakken tantancewa. Zai ba ka fayil mai wutsiyar .QBB. A sabuwar, File, Open or Restore Company, Restore a backup copy. Za ta nemi kalmar sirrin Admin. Fitowar QuickBooks da ke sabuwar kwamfuta dole ta zama daidai da ta tsohuwar ko ta fi ta sabunta, kuma da zarar sabuwa ta ɗaga fayil, tsohuwa ba za ta ƙara buɗe shi ba, don haka ka ajiye .QBB ɗin farko kada ka taɓa. Kwafi na biyu ya tafi Google Drive, akwai 15GB kyauta. Kwafin ko-ta-kwana kawai za ka ajiye can, wanda kake aiki da shi kullum ya zauna a kwamfuta. In kuwa mai gyara ya ce zai sa maka fasasshiyar QuickBooks a kan ɗan abin shan ruwa, ka ce a'a. Ba a ɗora dukiya a kan manhajar da ba ka san me aka cusa mata ba.

Tambaya: Na kwafo hoton manhajar da ke fuskar kwamfuta, na kai sabuwa, ya ƙi aiki. Ko in sayi wata kwamfutar? Daga unguwar Kongo, Zariya.

Amsa: Haba ɗan'uwa! Allon shago ka ciro ka bar shagon. Wannan gunki nuni ne kawai, duba girmansa, bai wuce 'yan KB ba. Karanta amsar Hajiya ka bi. Ka bar kuɗinka a aljihu.

Tambaya: Ni ɗan fansho ne a Samaru. An kawo wuta da ƙarfi, laftof ɗina ta mutu, lissafin gida da na gona duk suna cikin Quicken. Ban taɓa kwafa ba.

Amsa: Baba, Allah ya ƙara lafiya, kada ku sa wa ranku damuwa tukuna. Wuta ta fi kashe caja ko babban allon ciki, faifan ajiya sau da yawa yakan tsira. A fara gwada wata cajar. In shiru, mai gyara ya ciro faifan, a sa shi a gidan USB, ɗan akwatin da ake jona faifai da wata kwamfuta. A duba irinsa kafin a sayi gidan: akwai SATA mai inci 2.5, akwai siririn M.2, gidansu ba ɗaya ba ne. Idan an jona kwamfuta ta nemi a yi fomat, wato a goge faifan, kada a yarda ko kusa. Idan ta nemi mabuɗin BitLocker, makullin da Windows ke sa wa faifai, jerin lambobi 48 ne, galibi yana cikin asusun Microsoft da kuka shiga laftof ɗin da shi. Fayil ɗin .QDF yakan zauna a foldar Quicken cikin Documents, tare da foldar kwafin da manhajar ke yi da kanta. A yi aikin a gabanku, ko a gaban ɗanku, ku dawo gida da faifan. In faifan yana ƙara ƙas-ƙas, a cire shi nan take, kowace kunnawa ƙara masa rauni take.

Wajen sayen wata, Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, kuma Windows 11 na son Intel ƙarni na 8 zuwa sama, da cif ɗin tsaro TPM 2.0. Tokumbo da yawa ba su kai ba, a tambaya kafin a biya. Yawancinsu kuma da tsarin kwanan watan Amurka suke zuwa, wata kafin rana, sai ku rubuta 3 ga Afrilu ta shiga a 4 ga Maris. A gyara a Settings, Time & language, a zaɓi tsarin Najeriya kafin shigarwa ta farko.

Tambaya: Na kwashe komai jiya. In sayar da tsohuwar yau in cike kuɗin sabuwa? Daga Ƙofar Doka.

Amsa: Ba yau ba. Riƙe ta wata guda, sai ka rufe lissafin wata a sabuwar ka ga ya yi daidai da bayanin banki. Sannan gogewa da Delete ba ta isa ba, mai saye zai iya dawo da fayilolin da manhajar kyauta, da lambobin asusunka da sunayen masu bashi. Shiga Settings, Reset this PC, Remove everything, ka kunna Clean data. Jona ta da wuta ko janareta kafin ka fara, domin takan ɗauki sa'o'i.