Amsar Gwaggo a Kan Yara da Azumin Kwana Arba'in

Ɗiyata,

Saƙonki ya iso, na karanta shi sau biyu kafin na ɗauki alƙalami. Ina fata kuna lafiya, ke da maigidan da jikokina. Kin ce babban naki, ɗan shekara tara, ya kafe sai ya yi azumi kamar babansa a Larabar Toka, ranar farko ta azumin nan da ake shafa wa mutane toka a goshi, ƙaramar kuwa har yanzu tana tsoron tokar, tun bara da ta ji an ce mata za ta koma ƙura ta fashe da kuka. Ga shi kuma an ɗora miki ajin yara na makarantar Lahadi daidai wannan lokaci. Kina tambaya ko me al'adar ikilisiya ta tanada wa yara a azumin nan: a sa su ne, ko a ƙyale su sai sun girma?

Ikilisiya ba ta ɗora wa yaro azumi ba. A kundin dokokin Katolika na 1983, doka ta 1252 ta ce ƙaurace wa nama yana hawa kan wanda ya cika shekara 14, azumi kuwa daga shekara 18 ne har mutum ya shiga ta 60. Kwanakin da azumin ya zama dole ma biyu ne kacal, Larabar Toka da Juma'a Mai Kyau, ranar tuna mutuwar Yesu, kuma ba a ce a wuni ba ci ba sha ba: cikakken ci sau ɗaya, a ɗan taɓa wani abu sau biyu, ruwa kuma ba ya karya shi. Anglika da Lutara da sauran masu kiyaye lokacin suna da nasu tsarin, wasu ikilisiyoyin ma ba sa kiyaye shi sam, kada ki bari yaranki su raina kowa a kan haka. Amma jimlar ƙarshe ta wannan doka ita ce mutane ba sa karantawa. Ta ce iyaye da makiyayan ikilisiya su tabbata an koya wa waɗanda shekarunsu ba su kai ba ainihin ma'anar tuba. Kin ga ke nan an sauke wa yaron kaya an ɗora miki, kuma naki ya fi nauyi, don hana yaro abinci ya fi sauƙi a kan fahimtar da shi dalilin da ya sa babansa bai ci ba.

Na san wannan da ciwo. Lokacin da yayanki, ɗana na fari, yake da shekara goma, na hana shi abinci tun safe a wata Juma'a Mai Kyau, ina ganin tarbiyya nake yi. Da yamma na gane ya ci a ɓoye. Na tambaye shi, ya rantse bai ci ba. A ranar da muke tuna mutuwar Mai Ceto, abin da na koya wa ɗana shi ne ƙarya da ɓoye-ɓoye. Na yi shekaru kafin na iya neman gafararsa a kan wannan, kuma har yau in na tuna sai zuciyata ta yi nauyi. Kada ki bi wannan sawun nawa.

Abin da ya fi kwantar mini da hankali daga baya yana cikin Fitowa 12:26. Musa yana ba Isra'ilawa ka'idar Idin Ƙetarewa, sai ya ce musu 'ya'yansu za su tambaye su ma'anar wannan hidima, ya kuma faɗa musu amsar da za su bayar. Tun daga tushe an gina al'adar ne yadda yaro zai ga wani baƙon abu ya yi tambaya. Haka azumin nan yake. Yaro ya shiga majami'a ya tarar an cire furanni, Fada, wato firist, ya sa riga shunayya, an daina rera Halleluya, goshin manya duk toka. Dole ya tambaya. Aikinki ki kasance kusa lokacin da tambayar ta fito, kuma kada ki ce masa "haka muka tarar."

Shi babban, tun da yana son lissafi, ki ba shi kalanda ya ƙirga da kansa daga Larabar Toka zuwa Asabar ɗin jajiberen Ista, idin tashin Yesu daga matattu. Zai samu 46, zai zo ya ce miki an yi kuskure. Sai ki ce ya cire Lahadi shida, don Lahadi ranar tashin Ubangiji ce, ba a azumi a cikinta. Zai ga arba'in cif. Daga nan labarai suka buɗe: ruwan tufana kwana arba'in a zamanin Nuhu, Musa kwana arba'in a kan Dutsen Sina'i, Iliya yana tafiya kwana arba'in zuwa Horeb, wa'adin kwana arba'in da Yunusa ya ba Nineba, sannan Yesu a jeji Iblis yana gwada shi, wanda za ku ji a Lahadin farko. Labari ɗaya a mako ya isa, kada ki juye musu duka rana ɗaya. In ya tambayi dalilin da ya sa ranar take yawo, ki ce Ista tana bin wata ne: Lahadin farko bayan cikar wata da ta zo a ranar 21 ga Maris ko bayanta, shi ya sa take faɗawa tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu.

Game da azumin da ya nace sai ya yi, kada ki kashe masa gwiwa, niyya ce mai kyau. Ku zauna ya zaɓi abu ɗaya da zai bari, abin da zai ji rashinsa amma ba zai cutar da jikinsa ba: alawa, ko wasan waya da yamma, ko kallon talabijin ranar Juma'a. Shi zai zaɓa, ba ke ba. In ya karya, kuma zai karya, ki ce masa gobe ma rana ce, a sake ɗauka. Ina roƙonki kada ki taɓa mai da azumin bulala, irin "mai azumi ne yake wannan rashin ji?" Yaron da aka yi wa haka zai girma yana ganin Allah kamar mai gadi da sanda.

Sannan kada barin ya tsaya shi kaɗai. A Matiyu 6, karatun Larabar Toka, Ubangiji ya haɗa abu uku, sadaka da addu'a da azumi, kamar duwatsun murhu, in ka cire ɗaya tukunya ta kife. Ishaya 58 ya fi fitowa fili: azumin da Allah yake so shi ne ka raba abincinka da mayunwaci, ka tufatar da marar tufa. To, abin da za a kashe wa yaron a alawa, a jefa shi a gwangwani a gabansa. A Mako Mai Tsarki, makon ƙarshe kafin Ista, a buɗe, a sayi abin da wani mabukaci yake nema, kuma yaron ya kai da hannunsa, ya gaishe da mutumin, ya ga fuskarsa. Ki ba su labarin yaron nan na Yahaya 6 mai gurasa biyar da kifi biyu, wanda da ɗan guzurinsa aka ciyar da mutum dubu biyar. Yara suna son wannan labari don jarumin sa'ansu ne.

A ajinki kuwa akwai abu ɗaya da nake ƙi ƙwarai. Na ga malamai suna manna takarda a bango, suna sa wa kowane yaro tauraro gwargwadon abin da ya bari ko ya bayar. Niyyarsu mai kyau ce, amma wannan shi ne daidai abin da Matiyu 6 ya hana, inda aka ce kada hagunka ta san abin da damarka take yi. Ɗan mai hali zai cika layinsa da taurari, ɗan da ko a gidansu ba a ƙoshi zai sunkuyar da kai. In za a tara, a tara a akwati ɗaya rufaffe da sunan ajin duka.

Yanzu ƙaramar. Kukanta ba rashin bangaskiya ba ne, ta ji magana mai nauyi ce kuma ta fahimce ta. Kalmomin daga Farawa 3:19 suke. Akwai kuma wasu da ake iya faɗa a madadinsu, daga Markus 1:15, kiran a tuba a gaskata da bishara, kina iya yi wa Fada magana tun kafin ranar. Shafa tokar ba dole ba ne ga kowa, balle 'yar shekara biyar. In ta ƙi, ki riƙe hannunta ta kalle ki ana shafa miki. Amma kada ki yi mata ƙarya a kan mutuwa. Ki ce mata gaskiya ne jikinmu zai koma ƙasa, sannan ki nuna mata siffar da aka zana da tokar, gicciye ne, alamar Wanda ya shiga kabari ya fito. Ki kuma gaya mata inda tokar ta fito: ganyen dabinon da ta kaɗa bara a Lahadin Dabino, shi aka busar aka ƙone. In ikilisiyarku tana ƙonawa a fili, ki kai ajinki su gani, kowa da busasshen ganyensa. Abin da yaro ya jefa a wuta da hannunsa ba ya ba shi tsoro a goshi.

Wani abin da nake so ki tsaya a kai, ko da za a ga baƙinki, shi ne kada a riƙa kwashe yara daga sujada duk lokacin da abin ya yi nauyi, wai kada su dame manya. Wata mata mai suna Ejeriya, da ta je ziyarar ibada Urushalima wajen shekara ta 381 zuwa 384, ta rubuta yadda jama'a suke gangarowa daga Dutsen Zaitun ranar Lahadin Dabino, yara riƙe da rassan dabino da na zaitun, waɗanda ba su iya tafiya ba iyayensu sun saɓa su a kafaɗa. Fiye da shekara 1,600 ke nan. Kafin nan ma, a Matiyu 21, yara ne suke ta da murya da Hosanna a Haikali har manyan firistoci suka ji haushi, Yesu kuma ya goyi bayan yaran. Ɗa na kowa ne a ikilisiya. Ki nemi tsofaffi biyu ko uku masu haƙuri su zauna tsakanin yaran ajinki, musamman waɗanda suke zuwa ba iyaye. Timoti ma daga kakarsa Lowis da mahaifiyarsa Afiniki ya gaji bangaskiya.

Hanyar Gicciye ta ranar Juma'a, addu'ar da ake bin sawun Yesu zuwa gicciye zango zango, tana da zango 14, ta yi wa ƙanana tsawo in aka bi ta irin ta manya. Ki yi musu tasu, gajera, jimla ɗaya da addu'a ɗaya a kowane zango, su yi tafiyar da ƙafafunsu, su karɓi ɗaukar ƙaramin gicciye bi da bi. Kada ki daɗe a kan jini da ƙusoshi, kada kuma ki nuna musu finafinan gicciyewa da aka yi don manya. Ni inda nake daɗewa shi ne zango na biyar, Saminu Bakurane, mutumin Kurane da ke ƙasar Libiya ta yau, wanda aka tilasta wa ɗaukar gicciyen. Markus 15:21 ya kira shi uban Iskandari da Rufus. Na kan tambayi yara: me kuke tsammani ya gaya wa 'ya'yansa da ya koma gida? Amsoshin da nake samu sun sha sa ni hawaye.

A gida, addu'a gajera kullum a lokaci ɗaya ta fi doguwa sau ɗaya a mako. Ku kunna kyandir, a karanta aya biyu ko uku, kowa ya ambaci mutum ɗaya da zai yi wa addu'a. Ki gaya wa maigidanki, da ladabi, cewa yaron idonsa a kansa yake. In azumi ya sa shi faɗa da tsawa da yamma, abin da yaron zai koya game da azumi ke nan. Kuma a cikin kwanakin nan, ko sau ɗaya, ku iyaye ku nemi gafarar yaranku a kan wani laifi na gaske da kuka yi musu, ku ambace shi da sunansa. Yaron da ya ga uwarsa ta ce "na yi kuskure, ka yafe mini" ba zai ji tsoron zuwa furta zunubinsa ba in lokacinsa ya yi. Ranar Alhamis Mai Tsarki, bayan sun ga Fada ya wanke ƙafafun mutane kamar yadda yake a Yahaya 13, ku ma ku ɗebo ruwa a gida, baban ya fara da ƙafar ƙaramar.

Ki tuna asalin lokacin nan shiri ne na masu neman baftisma. Wajen shekara ta 350, Siril na Urushalima yana tara su a cikin kwanakin azumi yana koya musu bangaskiya, a daren Ista a yi musu baftisma. Har yau haka ake yi. In akwai masu shiri a ikilisiyarku, ki sa ajinki su riƙa yi musu addu'a, ki kuma nemo wa naki biyun ranar da aka yi musu tasu baftismar, da hoto in akwai, ki gaya musu wa ya riƙe su.

Sai ki yi ƙoƙari ki kai su sujadar daren Ista. Ki sa su barci da rana. Su ga majami'a cikin duhu, a hura sabuwar wuta a waje, a kunna babban kyandir, haske ya bi hannu hannu har ya iso nasu, sannan a ɓarke da Halleluyar da suka yi mako shida ba su ji ba. In ƙaramar ta yi barci a kafaɗarki kafin a gama, ba komai, ki tashe ta wajen Halleluyar kawai. Washegari kuma a yi murna sosai, a ci a sha, a mayar wa yaron abin da ya bari.

Ki ce wa babban ya kira ni in ya gama ƙirga kwanakin, ina so in ji da bakinsa nawa ya samu da abin da ya zaɓa zai bari. Ki gaishe mini da maigidan da kyau. Ubangiji ya ba ki hikima da ajin nan.

Gwaggonki.