Amsa kan kuɗin talla na ƴan wasan jami'a a Amurka

Malam, ka tambaya ko ƙaninka da ya samu sukolashif na kwando a Amurka zai iya karɓar kuɗin talla. Eh, tun 1 ga Yulin 2021 NCAA, hukumar da ke kula da wasannin jami'o'in Amurka, ta ɗage haramcin, yanzu yara na cin kuɗi da sunansu da hotonsu. Amma shi matsalarsa biza ce, F-1 ta karatu ce, bata yarda da aiki barkatai ba, ko bidiyon takalmi ya ɗora a Instagram yana can aka biya shi za a iya cewa aiki yayi, bizar ta tafi. Shi yasa wasu ke bari sai sun fita ƙasar suyi tallan. Don Allah kar ya sa hannu a komai sai yaje ofishin ɗaliban waje na makarantarsu, ya kuma ga lauya.