Amsa ga ƙaramin likita kan zaɓen ma'aunai a lissafin rigireshin

Ɗana Likita, tambayarka ta iso. Ka ce kana bincike a kan abin da ke sa a haifi jariri da nauyin da bai kai kilo 2.5 ba a tsakanin matan da ke zuwa awo a nan Zariya, kuma kana so ka san abu biyu: ko a lissafin rigireshin (lissafin da ke auna alaƙar abubuwa da dama da sakamako guda) ka gwada kowane ma'auni, wato kowane abin da aka auna game da uwa, shi kaɗai ka riƙe waɗanda ƙimar p ɗinsu (lambar da ƙanƙantarta ke nuna da wuya alaƙar ta zama dace kawai) ta gaza 0.05, da kuma ko ka raba shekarun uwa da yawan jininta gida biyu domin teburinka ya yi sauƙin karantawa. A kan duka biyun amsata ita ce a'a.

Zaɓen ma'aunai aikin ilimin likitanci ne, kuma ana yin sa ne tun kafin a buɗe manhajar lissafi irin Stata ko SPSS. Ka zauna da takarda ka rubuta abin da ka riga ka sani daga ɗakin haihuwa da binciken magabata: shekarun uwa, haihuwa ta nawa ce, zazzaɓin cizon sauro a lokacin goyon ciki, hawan jini, ƙarancin jini. Waɗannan su shiga lissafin ko ƙimar p ta ce me, domin ma'auni yana iya zama kamar ba shi da tasiri idan an gwada shi shi kaɗai, sai ƙarfinsa ya bayyana bayan an haɗa shi da wani. Haka kuma hanyar nan da kwamfuta ke saka wannan ta cire wancan mataki-mataki ba ta da amana, saboda in aka kawo bayanan wasu matan daga Giwa ko Soba tana iya zaɓo wasu ma'aunai dabam, kuma tana kumbura tasirin abin da ta zaɓa fiye da gaskiyarsa.

Ka kuma tsayar da manufarka. Idan kana neman sanin ko ƙarancin jini ne ke jawo ƙarancin nauyi, dole cizon sauro ya shiga, tunda yana haddasa su duka biyun. Amma haihuwar bakwaini kada ta shiga, domin tana cikin hanyar da illar ke bi, kuma saka ta zai ɓoye maka abin da kake nema.

Sai batun adadi. Tsohuwar ƙa'idar da ta fito daga aikin Peduzzi da abokansa a 1996 ta ce a samu akalla masu matsalar 10 ga kowane abu guda da ake ƙiyastawa. A ce jarirai 60 ne suka gaza nauyi, to gurabe 6 kawai gare ka, wato abubuwa 6 da za ka iya ƙiyastawa, ko da matan da ka tattara sun kai dubu. Masana na baya-bayan nan sun nuna cewa wannan ƙa'ida ba ta wadatar a kowane hali ba, amma tana hana mutum haɗama.

Maganar datsa ma'auni gida biyu ita ta fi damuna. Ungozoma ta ɗebi jini, ma'aikacin ɗakin gwaji ya auna yawan jinin wata mata ya rubuta 10.9, wata matar kuma ya rubuta mata 6.5, sannan kai ka zo ka zuba su a kwando ɗaya don dukansu suna ƙasa da 11, ka kuma raba mai 10.9 da mai 11.1 kamar ba su da alaƙa. Iyakar ƙarancin jini ta 11 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa mai juna biyu tana da amfani wajen yanke shawarar magani, amma jikin mutum ba ya sauyawa farat ɗaya a wannan lamba. Royston da Altman da Sauerbrei sun yi gargaɗi a kan haka a 2006, kuma an lissafa cewa datsawa a tsakiya daidai take da zubar da kusan kashi ɗaya cikin uku na bayananka. Mafi muni shi ne a yi ta gwada wuraren datsawa har a samu wanda ya ba da ƙaramin p.

Sai dai barin ma'auni yadda yake ba ya nufin a ja masa miƙaƙƙen layi. Dubi shekarun uwa: haɗarin yana sama ga yarinya ƙarama, ya sauka a tsakiya, ya sake hawa ga wadda ta manyanta. Miƙaƙƙen layi zai ce maka shekaru ba su da tasiri, datsawa a tsakiya ma haka za ta ce. Abin da nake amfani da shi shi ne lanƙwasasshen layin da ake kira sifilayin, wanda ake ɗaure shi a gaɓoɓi 3 zuwa 5 ya bi siffar bayanan. Mai gaɓa 3 yana cin gurbi 2, mai gaɓa 4 yana cin 3, saboda haka cikin gurabenka 6 ka ba shekaru gaɓa 3, ka yi tattalin sauran.

Wajen gabatar da sakamako, ka zana hoton layin tare da iyakokin tabbas na kashi 95 cikin ɗari, don mai karatu ya ga inda matan suka yi kaɗan har layin ya rasa tabbas. Ka rubuta jerin ma'aunanka da dalilin kowanne, ka sa kwanan wata, ka kawo mini mu duba tare kafin ka taɓa kwamfuta. Allah ya yi jagora.