Tambaya da Amsa: Bel ɗaya a tsohuwar Fijo 504

Tambaya: Salam Oga, Fijo 504 ɗin marigayi babana nake lallaɓawa a Jos, fanbel kullum sai ƙara da sanyin safiya, zan iya mayar da ita bel ɗaya mai layi-layi irin na motocin yanzu?

Amsa: Allah ya jiƙan Baba. Zai yiwu, amma fa sai an canja fuli duka, wato faifan da bel ke juyawa a kai, na inji da altaneta da famfon ruwa, a ƙera baraket a sa ajasta mai ɗame bel, kuma su zauna layi ɗaya cif in ba haka ba bel ya riƙa zamewa. Kula da famfon ruwa sosai, in bayan bel ne ke juya shi baibai zai juya, inji ya tafasa. Ni dai fara ɗaure tsohon tukuna, yawanci sakwarkwacewa ce ke kawo ƙarar.