Gyambon ƙafa ga mai ciwon sukari: rashin zafin ne abin tsoro

Tambaya: Likita, mahaifina ya shekara 9 da ciwon sukari. Ƙaya ta soke shi a ƙarƙashin babban yatsan ƙafa, yau sati 3 wurin bai rufe ba. Ya ce ba ya jin zafi, kullum yana kasuwa. Muna gasa masa da ruwan zafi, mu barbaɗa garin bagaruwa. Mu ci gaba? Daga wata 'yar'uwa a Tawa.

Amsa: Allah ya ba Baba lafiya. 'Yar'uwa, ku dakatar da gashin nan tun yau. Sukari idan ya daɗe yana hawa, yakan kashe jijiyoyin da ke kai saƙon zafi daga ƙafa, ya kuma rage gudun jini zuwa yatsu. Shi ya sa Baba yake taka ciwon tun safe har la'asar bai sani ba, kuma ruwan da kuke gasa masa zai iya ƙona shi bai ce uffan ba. Garin bagaruwa kuwa ɓawo yake yi a sama, mugunya tana ci ta ciki.

Ku kai shi babban asibitin jihar Tawa gobe da safe. Za a kankare mataccen nama da kaushin da ya zagaye bakin gyambon, a duba ko ya kai ƙashi, a taɓa bugun jini a ƙafar, a yi masa allurar tetanus idan ya daɗe bai yi ba. A gida, wanki da ruwan gishirin wanke ciwo na kantin magani, sai bandeji mai tsabta kullum. Sukarin safe kafin karin kumallo ana so ya tsaya tsakanin 0,80 da 1,30 g/L (giram a lita) a na'urar awo.

Inda aka fi shan daga da iyayenmu shi ne zama. Gyambon tafin ƙafa ba ya warkewa ana taka shi, ko da an zuba masa maganin duniya. Yaro ya riƙe rumfa, Baba ya samu sanda ko takalmin da likita zai nuna. Ban da tafiya ba takalmi, ko daga ƙofar masallaci zuwa sahu, balle a rairayin Tawa da rana tsaka. Bayan alwala a tsane tsakanin yatsu, a zazzage takalmi kafin a sa.

Da kin ji wari, ko kin ga kumburi, ko yatsa ya fara baƙi, ko zazzaɓi ya zo, kada ku jira gari ya waye.