Ku Tambaya Mu Amsa: Shagunan Kano, wannan na buɗewa wancan na rufewa

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa. Saƙonnin wannan karon yawancinsu a kan shago ne da gidan abinci, wasu na son kamawa wasu kuma wanda suke sayayya a ciki ne ya rufe, ga huɗu daga ciki duk daga Kano.

Tambaya: Salam Anti, dan Allah shawara nake nema. Ina sayar da abinci a gida a Ɗorayi, masa da miyar taushe da safe, da rana ɗanwake da garau-garau, Alhamdulillah ina samu har ta WhatsApp ake min oda. Yanzu na ɗauki adashe kuma maigidana yace zai ƙara min, shine nake so in kama shago a Zoo Road in buɗe gidan abinci sosai, dillali ya nuna min wani amma wai sai na biya kuɗin shekara biyu a haɗe banda la'adarsa. In shiga ko in haƙura? Daga wata uwargida a Ɗorayi.

Amsa: Wa alaikumussalam 'yar'uwa, Allah ya ƙara albarka a sana'a. Ni dai in za ki bi ta tawa kar ki biya kuɗin nan tukunna. Zoo Road titi ne mai jama'a babu mai musu, amma in kin bi ta wajen ki ɗaga kai ki kalli allunan shagunan, wani wajen har yanzu ana ganin shatin sunan wanda ya tashi a ƙarƙashin sabon fenti, kuma ba ƙananan 'yan kasuwa kaɗai abin ke kayarwa ba. Ado Bayero Mall da aka buɗe a 2014 a kan titin nan ai Shoprite ne babban kantin da ke jan mutane ciki, da sallah ba masaka tsinke, amma a Janairun 2024 suka rufe reshen Kano. Tunda aka cire tallafin fetur a ƙarshen Mayun 2023 lissafin mai gidan abinci ya rikice, gas ya tashi, man janareta ya tashi, buhun shinkafa da jarkar mai kullum da sabon farashi, a Afrilun 2024 kuma aka kai kuɗin wutar 'yan Band A, wato layukan da aka fi ba wuta, naira 225 duk yunit, shi kuwa mai cin abincin samunsa bai ƙaru haka ba, wanda da yake cewa a sa masa nama biyu yanzu cewa yake a bar naman.

Kinga a gida ba kya biyan haya, ba kya biyan masu wanke-wanke da mai gadi, ribar da kike gani rabinta daga nan take fitowa. Sannan masu sayen masarki 'yan unguwa ne, babu wanda zai hau adaidaita sahu daga Ɗorayi zuwa Zoo Road da sassafe saboda masa komai daɗinta, wato can sabbin kwastomomi za ki fara nema daga farko a tsakiyar masu shawarma da gasasshiyar kaza da suka riga ki kafuwa.

In har ranki ya kwanta da shagon to kar ki tsaya ga maganar dillali, shi la'adarsa yake nema. Ki je ke da maigidanki ku zauna a tsallaken titi da rana tsaka, ku sake komawa bayan magariba, ku ga su waye ke wucewa a ƙafa, mota na samun wajen tsayawa ko sai 'yan KAROTA masu kula da titi sun zo, akwai shingen da ya raba titi wanda zai sa mai mota sai ya yi dogon zagaye kafin ya iso ƙofarki. Ki sayi shayi wajen mai shayin layin ki tambaye shi wa ke cikin shagon nan da, me ya tashe shi, wallahi zai faɗa miki abin da mai ginin ba zai taɓa faɗa ba. Ki duba ruwa, akwai burtsatse ko 'yan garuwa za ki dinga kira, ki duba inda ruwan wanke-wanke zai bi, don rigimar kwata da maƙwabta kaɗai ta isa ta tashi mai abinci.

Da ni ce, ƙaramin waje zan nema kusa da gida, ga tsohuwar jami'ar Bayero a gefenku, ga Kabuga ga Rijiyar Zaki gari sai faɗaɗa yake ta titin Gwarzo. Ki biya shekara ɗaya ki riƙe sauran kuɗin a matsayin jarin cefane, don watannin farko shago ci yake baya bayarwa. Kuma a rubuta yarjejeniya da shaidu, a sa a ciki wa ke da tayil da kantar da za ki yi in kin tashi, da wa'adin da za a baki kafin ƙarin haya. Odar WhatsApp ɗin nan kuma kar ki sake ta.

Tambaya: Hajiya barka da aiki. An yi min tayin shago sabon gini a jikin katangar wata makarantar gwamnati, araha sosai kuma mai sayarwar ya nuna min takarda har da hatimi. Kayan waya nake sayarwa a tebur a Farm Centre, na gaji da rana da ruwan sama. Ya kike gani? Daga wani matashi a Tarauni.

Amsa: Ƙanina na ji tausayinka, tsayuwar tebur ba sauƙi, amma araha ba ta ado. Ka tuna Yunin 2023, kwanaki kaɗan da rantsar da Gwamna Abba Kabir Yusuf aka fara rusau, shagunan da ke jikin Filin Idi a Ƙofar Mata da gine-ginen tsohon otal ɗin Daula duk aka sauke su, gwamnati tace filayen jama'a ne aka rabar ba bisa ƙa'ida ba. Da yawan masu shagunan nan fa suna da takardunsu daga gwamnatin da ta gabata. 'Yan Filin Idi sun je kotu, Babbar Kotun Tarayya ta ce a biya su diyyar naira biliyan 30, daga baya aka yi sulhu a kan biliyan 3, to ka lissafa wanda ya ci bashi ya zuba kaya a ciki ya zauna yana jiran shari'a. Ko wane ɓangare mutum yake a siyasa, abin da ya fito fili shine shagon da aka manna a katangar makaranta ko maƙabarta ko masallacin idi ko ganuwa yana iya tafiya ranar da mulki ya canza hannu. Kafin ka ba da ko sisi ka ɗauki kwafin takardar ka je KNUPDA, hukumar tsara birane ta jiha, da ofishin filaye da ƙafarka ka tambaya ko an amince da ginin, kar ka aiki yaron mai sayarwar. In ya fara cewa ka yi sauri akwai wani mai so, bar masa ya saya. Gara ka haɗa kai da wani abokin sana'arka ku kama shago ɗaya a cikin filaza ku raba haya.

Tambaya: Anti ni daga ƙauye nake shigowa saro magani don ɗan kemis ɗina, na daɗe ban shigo ba, da na je Sabon Gari sai na tarar mutanen da na saba da su sun tashi. Ina suka koma? Daga wani mai kemis.

Amsa: Dangwauro suka koma ɗan'uwa, a kan titin Zariya, nan aka gina cibiyar sarin magunguna. A Fabrairun 2024 bayan hukuncin kotu hukumar NAFDAC da ta masu harhaɗa magunguna suka rufe shagunan sari a Sabon Gari da Malam Kato da titin Neja. Dalilin shine a tara sari waje ɗaya inda za a iya sa ido kan jabu da irin su kodin da tiramol, a kuma daina jibge magani cikin zafin da ke lalata shi. Ya yi wa wasu nisa gaskiya, amma ka je can ɗin, ka tafi da lasisinka kuma duk abin da ka sara ka karɓi rasit.

Tambaya: 'Yata ina wuni. Mai kantin layinmu ya rufe ya koma garinsu, shekara da shekaru muna karɓar sukari da omo da taliya a wajensa yana rubutawa. Akwai sauran kuɗinsa a kaina kuma bani da lambarsa, abin yana damuna. Daga wani dattijo a Gwale.

Amsa: Lafiya lau Baba, Allah ya ƙara girma, ya saka maka da alheri da ka damu da wannan. Abin nan yana ci min rai, domin kantin unguwa ba kasafai babban kanti ke kashe shi ba, littafin bashi ne. Shi a kasuwar Singa hannu da hannu yake saro kaya, ya kawo layi a karɓa sai ƙarshen wata, kafin a biya shi katan ɗin taliya ya ƙara kuɗi, sai ka ga kanta tana raguwa, yau babu madara gobe babu man gyaɗa, ya jera kwalayen da babu komai a ciki don kar shagon ya yi fayau, kunya kuma ta hana shi tsayar da dattijon da yake gaisarwa kullum a masallaci. Na san bashi hanji ne yana cikin kowa, kuma mutane ba da gangan suke yi ba, rayuwa ce ta yi tsada, amma shi ma iyali gare shi.

Nemo shi ba zai yi wuya ba in sha Allah. Ka fara da mai gidan da ya bashi hayar shagon, sannan mai POS na kusa don da wuya ace bai taɓa tura masa kuɗi ta akawun ba, sannan 'yan garinsu da ke sana'a a unguwar, masu shayi da masu wankin hula duk sun san juna. In an samu lambar ka kira shi da kanka ya duba littafinsa ya faɗa maka adadin. Kuma Baba tunda kai babba ne, ka yi wa liman magana a sanar bayan sallar asuba cewa duk wanda ya san akwai sunansa a littafin nan ya kawo abin da ya samu, a haɗa a hannun mai unguwa a tura masa gaba ɗaya.