Shirin tafiyar ƙafa zuwa Mustang ta Sama a Nepal

Malam, ka tambayi shirin da ya kamata ka yi kafin tafiyar ƙafa zuwa Mustang ta Sama. Sai a shekarar 1992 aka buɗe wa baƙi yankin, kuma har yanzu ba a shigarsa sai da izini na musamman da ɗan jagora mai lasisi. Kamfani mai rajista ne zai nemo maka izinin, za a kuma duba shi a Kagbeni, ƙauyen da ke mashigar yankin.

Abin da ya fi izini muhimmanci a ganina shi ne tsayin wurin, domin Lo Manthang, babban garin yankin, ta kai kusan mita 3,800 sama da teku. Da zarar ka wuce mita 3,000, kada wurin kwananka ya ɗara na jiya tsayi da fiye da mita 500, kuma idan ciwon kai da tashin zuciya suka tsananta, ko numfashi ya yi maka wuya alhali kana zaune, ka sauko nan take komai nisan da ka yi. Ka tuntuɓi likita kan Diamox, maganin rigakafin ciwon da tsayin wuri ke jawowa, tun kana gida.

Iska mai ƙura tana tasowa a kwarin kogin Kali Gandaki, inda hanyar take bi, kafin azahar, saboda haka ku riƙa yin sammako, ka kuma tanadi tabarau da mayafin rufe hanci. Ka tabbata inshorarka ta ƙunshi ɗauko ka da jirgi mai saukar ungulu.